Gwanki a Bakin Dutsen Gambaga

Samarin da ke taruwa a rumfata bayan la'asar sun ɗauka farauta ba wani abu ba ce: ka saɓa bindiga, ka shiga daji, ka ga nama, ka danna. Akwai Awudu a cikinsu, mai tuƙa babur zuwa Kulungugu, wanda bakinsa ya fi babur ɗin gudu. Shi ne ya ce in aka ba shi bindiga mai baki biyu, cikin mako guda sai zangon Bawku ya gaji da cin nama. Na ce Allah ya ba da sa'a. Nakan gwada su dai, in nuna katangar masallaci can nesa in ce, "To maharba, mene ne wancan a kai?" Su yi ta dariya suna rige-rigen amsawa, wannan ya ce kurciya, wancan ya ce tsumma aka shanya. Ido kam suna da shi, ban musa ba. Abin da ba su sani ba shi ne aikin da ido ke yi wa maharbi, domin auna bindiga shi ne mafi ƙanƙanta a ciki.

A Salaga aka haife ni, a gidan fataken da goro ya daina bi ta ƙofarsu. Aka tura ni Yendi wurin kawuna Malam Sani in yi karatu. Allo ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi. A zauren kawu na fara ganin Baba Lasan, wani dogon maharbi marar yawan magana, mai kawo wa malamai fatar mazo ta buzun salla. In ya ajiye fatun ba ya tashi, sai ya zauna yana tambayar kawu hukuncin yanka, abu guda ya maimaita shi har a gaji. Gemu ya riga ya fara fito mini lokacin da na ce shi zan bi. Kawu ya dube ni ya ce, "Lasan, ga shi nan. In ya ƙi daji kamar yadda ya ƙi allo, kada ka dawo mini da shi." Haka muka hau motar Bawku, tun ba a sauke tutar Turawa ba.

Aikina na farko wankin bindiga ne. Bindigar toka ce doguwa, irin wadda ake ɗurawa ta baki. In an harba ta sai an tafasa ruwa an zuba a bututun, a yi ta zura tsumma da sanda har ya fito fari, sannan a shafa man kaɗanya. Albarushi ba ya son danshi ko kaɗan. Da damina a gora nake zuba shi, in toshe da kakin zuma, in rataye sama da murhu, ba kusa ba, ba nesa ba. Na daɗe ƙwarai ban taɓa kunamar bindigar nan ba. Sauran kayan ba yawa: kan burtu, baƙin mayafi, ƙullin toka na gwada iska, igiyar rama, gatari, goran ruwa. Sai wuƙa. Ita kam Baba bai taɓa bari na wasa ta ba. Shi ke wasa ta kowace safiya, ya gwada a gashin hannunsa, ya mayar cikin kube.

Wurin farautarmu dutsen Gambaga ne, dogon bangon nan da ya miƙe har ya wuce Nakpanduri. Daga sama fili ne. Kana tafiya cikin ciyawa sai kawai ƙasa ta ƙare, ka leƙa ka ga kan itatuwa a ƙarƙashinka, kogi kuma na kwance can ƙasa. Dajin ba gonar kowa ba ne, kowa na iya shiga, amma sai an gai da tindana, mai kula da ƙasar, kuma duk abin da ka kayar, cinyar da ta taɓa ƙasa tasa ce. Tindanan da muke gaisarwa wani tsoho ne a ƙauyen gindin dutse, makaho, da sanda ake jansa. Ba shi kaɗai ba, a ƙauyen nan in ka ga namiji da furfura da wuya ka same shi da ido. Saboda haka mutane suka gudu daga bakin kogin, gonaki suka koma daji, gwanki da kanki da mariya suka cika wurin. Abin da ya kori manoma shi ya tara mana nama. Akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje a bakin ruwan masu cizo da rana. A lokacin ba mu san su ne ba, cewa ake yi kogin ke shan idon mutum. Kowane maharbi ya san maganar, kuma ba mai ɗago ta.

Masu sayen namanmu Musulmin zango ne, kuma a nan wahalar take. Daga gindin dutse zuwa Bawku ɗanyen nama ba ya kaiwa, sai an yi banda. A yanyanka, a jera a kan gadon itace, a hura wuta marar harshe a ƙasa, a yi ta juyawa har ya yi baƙi ya bushe. To, banda ba ta da shaida. Wanda aka yanka da bisimilla da wanda aka tsinta kura ta fara ci, in sun sha hayaƙi kamarsu ɗaya. Maganarka kawai mai saye ke riƙewa. Babbar mai sayenmu Mma Lariya ce, 'yar Mosi mai tuwo a tashar mota. Shekara da shekaru tana saye a hannun Baba, amma ba ta taɓa karɓar kwando ba sai ta tsare shi da ido ta ce, "Baba Lasan, nama nan kai ya yanka? Idonka ya gani shi ya motsa?" Shi kuma ya ce, "Na yanka, na gani." Sannan ta sa a sauke. Ni abin haushi yake ba ni, shi kuwa bai taɓa nuna ya gaji ba.

Ga abin da kawu ya koya masa, shi kuma ya koya mini. In ka harbi dabba ka same ta da rai sai ka yanka, kuma ka ga alamar rai da idonka: ta harba ƙafa, ko ta kaɗa wutsiya, ko ido ya ƙifta, jini ya yi tsartuwa. In ta gudu da harsashi har ta kwana ba ka gan ta ba, ka haƙura. In kuma ta faɗo daga tudu, faɗuwar ta kashe ta, mushe ce, ko da harsashinka na jikinta. Wannan na ƙarshe shi ya raba farautar dutsen Gambaga da ta kowane daji. Dabba in ta ji harsashi tsalle take yi, ba ta duba inda za ta dira. Don haka ba a harbin abin da ke kiwo kusa da baki. Ko ka zagaya ka shiga tsakaninsa da ramin, ko ka zauna ka jira ya matso ciki, ko da yini za a yi. Na ga Baba ya sauke bindiga a gaban kanki mai ƙiba, muka koma hannu Rabbana, don kawai bakin dutse na bayansa.

Sanɗa da kan burtu, in ba ka gani ba ba za ka yarda ba. Kan tsuntsun ne aka sassaƙa da itace, a ɗaura a goshi, a lulluɓa da baƙin mayafi, a durƙusa a riƙa tafiya da gwiwa ana caccakar ƙasa. Dabbobi sun saba da burtu, ba sa gudunsa. Amma wanda ke cikin mayafi ba ya ganin komai sai ƙasa da naman da ke gabansa, shi ya sa kafin ya durƙusa yakan ƙare wa wurin kallo, ya san ina baki yake. Ni ina ɓoye a baya ina duba sauran. In na ga abin da bai gani ba, in haɗa hannu in yi kukan kurciya, ma'ana a dakata.

Mummunar shekarar ta zo bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru. Ciwo ya shiga shanu, aka hana shigo da su ta Kulungugu, teburan mahauta suka bushe. Ciwon bai tsaya a ruga ba, ya shiga daji. Sai ka yi tafiyar safe ka ga ɓauna kwance nan, gwambaza can, ungulaye sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Nama ya yi wuya, mushe kuma ga shi kyauta, ba sai na faɗi abin da wasu suka fara yi ba. Banda ta cika kasuwa, aka ci, wasu gidaje aka kwanta ciwo. Daga nan zango ya daina sayen banda in ba ta Baba Lasan ba. Mma Lariya ta rantse tukunyarta ba za ta ga naman daji ba sai wanda Baba ya ce ya gani. Gidansa da ni da ita da masu cin tuwonta, duk muka rataya a kan idon mutum ɗaya.

A shekarar ce ya fara gwada ni. Muna tafe sai ya tsaya ya nuna da haɓa: "Garba, mene ne wancan a gindin marken?" In ce suri ne, Baba. Ya ce, "Madalla, idonka na kyau." Da farko daɗi nake ji, na ɗauka darasi ne. Sai na lura tambayar ta yi yawa, kuma abin da yake tambaya yana ta matsowa kusa. Yana susar ƙwaurinsa da bayan kube har fatar ta yi dabbare-dabbare. In zai ɗura albarushi sai ya lalubi bakin bindigar da yatsa tukuna. Tsoro ya kama ni, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Yaro ba ya ce wa maigidansa ba ka gani, kuma in maganar ta fita ta kai tasha, ta ƙare mana. Sai na riƙa tafiya gaba kaɗan ina faɗin abin da na gani kamar mai surutu da kansa: ga rami nan, ga reshe. Bai taɓa ce mini in yi shiru ba, shi da ba ya son magana a daji.

Ranar da abin ya faru bazara ce, an ƙone ciyawar saman dutse, sabon toho ya fito kore shar. Mun kwana da yawa ba mu ga dabba mai lafiya ba, garin da muka zo da shi ya kusa ƙarewa. Da hantsi na hango wani gwanki, namiji, ƙahonsa sun lanƙwasa baya, gashinsa na sheƙi, ba majina ba hawaye irin na masu ciwo. Na taɓa Baba na nuna masa. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Na gan shi." Ya girgiza ƙullin toka, iska na zuwa daga wajen naman, daidai yadda ake so. Ya ɗaura burtu ya durƙusa.

Da farko akwai fili sosai tsakanin gwankin da baki. Amma dabba ba a tsaye take kiwo ba. Yana cin toho yana matsawa arewa, wajen ramin, Baba na binsa da gwiwa, rana na dukansa cikin baƙin mayafi. Ni ina bayan wani dutse, gumi na shiga mini ido. Daga inda nake ina ganin inda ƙasa ta ƙare, layin ciyawar da wuta ba ta ci ba, bayansa sai sarari. A da, Baba da kansa zai gane ya dakata. Bai dakata ba. Na ga bakin bindiga ya leƙo daga ƙarƙashin mayafi. Na haɗa hannu na hura, bakina a bushe, kukan ya ƙi fita. Na sake hurawa, bindiga ta tashi tare da kukan.

Hayaƙin bindigar toka yakan rufe komai na ɗan lokaci. Da ya washe, ba gwanki. Sai ƙarar duwatsu na gangarawa, da gwaggon birai na haushi can ƙasa. Baba ya yaye mayafi ya miƙe ya ce, "Ina ya yi?" Na ce, "Ya faɗa, Baba." Ya ce, "Faɗa ina? Ai baki da nisa." Ya fara takawa, na kama hannunsa na ce, "Baki ga shi nan gabanka." Ya tsaya cik. Ban taɓa riƙe hannunsa ba sai ranar.

Muka kwanta ruf da ciki, na leƙa. Gwankin bai kai ƙasa ba, wani falalen dutse da ya ɓullo a tsakiyar bangon ya tare shi. Daga sama ƙafafunsa na baya kawai ake gani, kumburin dutsen ya rufe sauran. Na ce na ga kamar ƙafa ta motsa. Ya ce, "To da sauran rai. In bayansa bai karye ba ya halatta. Kawo igiya." Na ce ni zan sauka. Ya ce, "Ba kai Lariya za ta tambaya ba."

Na naɗa igiyar a gindin marke, na ɗaura masa a ƙugu. Ya juya baya ya fara sauka yana laluben wurin takawa da yatsun ƙafa. Ina sassautawa kaɗan-kaɗan, igiya na cin tafin hannuna, tana gogar kaifin dutse. Igiyar ɗaure nama ce, ba a taɓa rataya mutum da ita ba. Ya ɓace mini a ƙarƙashin kumburin. Ungulu ta farko ta iso tana shawagi daidai da fuskata. Ina son sauri saboda ran da ke fita, ina tsoron sauri saboda wanda ke rataye. Can igiya ta yi sako-sako. Na kasa kunne ban ji komai ba, sannan na ji muryarsa: "Bismillahi, Allahu Akbar." Na ƙulle igiyar a marken na bi ta.

Na same shi zaune ya jingina da dutse, wuƙar a cinyarsa. Ya juya wuyan gwankin gabas, yankan ya yi kyau kamar kullum. Na shafa ƙashin bayan, lafiya lau. Na fara hamdala ke nan sai ya ce, "Garba, dubi dutsen nan. Jinin tsartuwa ya yi ko kwarara?" Na duba. Wurin duk jini ne, na harsashi da na faɗuwa da na yanka sun haɗu sun fara daskarewa. Na ce ban iya rabewa ba. Ya ce, "Inuwa ce a nan. Da na shigo daga rana komai ya zama baƙi. Da hannu na nemo maƙogwaron." Na ce, "Ai ka danne shi da gwiwa, Baba, ba ka ji ya motsa ba?" Ya ce, "Na ji rawa. Ban sani ba ko tasa ce ko tawa."

Na yi magiya, yunwa na cina. Na ce jikinsa da ɗumi, na ce ni na ga ƙafa ta motsa daga sama, na ce Allah ya ga niyya. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "Duk na ji. In Lariya ta ce idona ya gani, me zan ce mata?" Naman da zai cika kwanduna, lafiyayye, a shekarar da ba nama, nan muka bar shi. Hawa bai yiwu ba, sai muka bi wata tsaga muka gangara, yana dafe da kafaɗata, har ƙauyen tindana.

Tsohon na zaune a gindin ɗorawa. Baba ya gaishe shi ya ce yau ba cinya ya kawo ba, gwanki ne guda a kan falale, gara tsohon ya aika samarinsa kafin ungulu ta gama. Tindana ya ce, "Lasan, kai ba ya harbi a baki dutse. Zo nan." Baba ya matsa. Makahon ya miƙa hannu ya shafa ƙwaurinsa sama da ƙasa ya ce, "Kogi ya kama ka. Sannu. Ni ma haka shi ya fara." Ya sa aka kawo mana ruwan gari. Baba ya sha ya yi godiya.

Da muka iso Bawku na ɗauka gida za mu, mu ce ba mu samu ba, wanda kuma ba ƙarya ba ne. Sai ya ce tasha. Mma Lariya na ganinmu ba kwando ta ajiye muciya. Direbobi na zaune suna cin tuwo da miyar kuka ba nama. A gabansu duka ya ce, "Lariya, na yanka ban gani ba. Idona ya tafi." Ya kwance kuben daga ƙugunsa ya ɗaura mini da hannunsa. "Daga yau wannan za ki tambaya." Ta daɗe tana kallonsa, ta share fuska da bakin zane ta ce hayaƙi ne. Sannan ta juyo ta tsare ni da idon nan nata: "Kai kuma, idonka lafiya?" Na ce lafiya. Ta ce, "To. Ranar da shi ya fara, ka zo ka faɗi da bakinka kamar maigidanka."

Na yi shekaru masu yawa ina hawa da sauka a dutsen nan bayan haka. Baba ya koma zama a ƙofar masallaci, kuma duk lokacin da zan fita sai na kai masa wuƙar ya wasa da lalube, har ya rasu. Daga baya jirage suka zo suna feshin kogi, aka kawo magani, yaran yanzu ba su san ƙauyen da maza ke tafiya da sanda ba. Amma kafin jiragen su zo, ƙudajen nan sun riga sun ci rabonsu a jikina. Na daɗe da ajiye bindiga, na ce wa mutane gwiwa ce. Mma Lariya ma ta daɗe da rasuwa, ba wanda zan je in faɗa wa.

Jiya na ba samarin rumfata labarin nan, domin Awudu ya sake tayar da zancen bindigarsa mai baki biyu. Na kai ƙarshen labarin. Can na ga kamar wani abu ya motsa a kan katangar masallaci, bakina ya riga ni: "Mene ne wancan?" Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi rige-rige. Awudu ne ya matso kusa da ni a kan benci ya amsa a hankali, ba ya kallona.

"Kurciya ce, Baba."

Na ce, "Madalla, idonka na kyau."